Zuwana Hartum Neman Malamin Makarantarmu

Tun ranar da na sauko daga jirgin ƙasa a Suki ban huta da tambaya ba. In na je hawashata, 'yar gonar audugar da hukuma ta yanka mini, maƙwabci sai ya bar ruwansa yana malala ya taho: "Garba, yaya Hartum?" In na fito masallaci a riƙe mini hannun riga. Ko matata Kulu, wadda na ba labarin sau uku, jiya ta ce akwai wurin da na tsallake. To, yau ga ku duka, la'asar ta yi sanyi, zan faɗe shi daga farko har ƙarshe, kowa ya ji da kunnensa.

Saboda baƙin da ke cikinmu, bari in fara da dalilin tafiyar. Da rani muka gina makaranta a ƙauyen nan, aji biyu, da hannunmu. Maza suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa daga kanal. Muka yi rufi, muka sa ƙofa, muka zauna jiran malami. Malamin da muke jira kuwa shi ne Isiyaku, ɗan ƙanwata A'i. Ubansa ya rasu yana ƙarami, a hannuna ya tashi, kuma shi ne na farko a ƙauyen nan da ya kai jami'a. Duk mun san karatun malanta yake yi.

Sai ga wasiƙa daga gare shi, da Larabci. Liman ya karanta mana a ƙofar gidan Shehu Bube, shehun ƙauyenmu. Isiyaku ya ce ya bar sashen malanta, ya koma wani abu wai shi hidimar jama'a. Da labarin ya shiga cikin gida, A'i ta ɗora hannu a ka.

"Hidima? Duk karatun ga, ɗana bara ya zama? Wanke-wanke yake yi ma mutane?"

Shehu Bube ya dube ni ya ce, "Garba, kai ne kawunsa. Tahi ka maido muna shi bisa hanya. Ɗakunan nan ba don awaki muka gina su ba."

A'i ta haɗa mini tsaraba in kai masa: dakakken yaji, kuɓewa busasshiya, da ƙullin daddawa mai girma. Daddawar nan ita ta fara jawo mini magana.

Na shiga jirgi da hantsi. Ban taɓa wuce Sinnar ba a rayuwata, don haka da muka hau kan madatsar ruwa na leƙa taga kamar kowa, ruwa dama, ruwa hagu, jirgi yana tafiya a hankali. Rana ta yi zafi, tarago ya cika, sai daddawa ta fara sanar da kanta. Kusa da ni akwai wani ɗan kasuwa mutumin Wad Madani, jallabiya fara fes, rawani kamar kwando. Ya shaƙi iska, ya duba ƙasan kujera, ya duba takalmansa. Can ya ce da Larabci, "Jama'a, wani abu ya mutu a taragon nan."

Na ƙara tura jakata da ƙafa. Wata tsohuwa mutuniyar yamma da ke gabanmu ta ƙyalƙyale da dariya, ta nuna ni da haɓa. "Ba abin da ya mutu. Kayan miya ne, ga mai shi nan yana gumi." Ta ce su ma suna da irin nasu da ake yi da ganye, kuma nasu ya fi wannan faɗa. Dole na kwance ƙullin. Ɗan kasuwa ya toshe hanci da gefen rawani, amma ya tsaya yana tambayar yadda ake yin ta. Da lokacin cin abinci ya yi ya buɗe kisra, siririyar wainarsu ta dawa, da miyarsa, tsohuwa ta fito da dabino, ni na fito da yaji, muka haɗa hannu. Yajin A'i ya sa shi hawaye, yana share ido yana ƙara dangwala. Da zai sauka a Madani ya matso kusa ya rage murya: "Ɗan ɓantaro mini abin nan kaɗan, uwargida ta gwada."

Mun isa Hartum ana shirin magariba. Jama'a, mutum a garin nan kamar an tone gidan tururuwa. Na yi wa mutum biyar sallama a bakin tasha, biyu suka amsa suna tafiya, ba wanda ya tsaya ya tambayi gida. A nan in ka haɗu da mutum sai kun ƙirga lafiyar kowa har ta jaki. Can kowa sauri yake yi kamar ya bar tukunya a wuta. Ina tsaye da jaka, ban san gabas ba, sai na ji ƙanshin agashe, na kuma ji mai gashin yana zagin garwashinsa da Hausa tsantsa. Na ƙarasa na ce, "Sannu da wuta." Ya ɗago da sauri.

"Kai kuma daga ina?"

"Daga wajen Suki."

"Zauna! Ka ci abinci?"

Sunansa Ɗan Ige, iyayensa mutanen Managil ne. Shi ya sauke ni a gidansa, a wata unguwa da Hausawa suka yi yawa, ya shimfiɗa mini gadon igiya a tsakar gida. Da safe na jira koko, ba koko. Shayi kawai aka miƙo. Ashe su sai rana ta ɗaga sosai suke karya kumallo, da wake ful da man riɗi da burodi. Na ce wa Ɗan Ige, a wurinmu lokacin nan mutum ya riga ya nome kunya goma. Ya ce shi ya sa bai koma ba.

Ya sa ni a bas, ya gaya wa direba inda za a sauke ni. A ƙofar jami'a akwai mai gadi, ya tambaye ni wa nake nema. Na ce Isiyaku ɗan A'i. Ya ce wane sashe? Na ce wanda ya bari ko wanda ya koma? Mutumin ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna mini wani dogon gini ya ce in fara da can. Na zaga ofis uku, kowa ya buɗe littafi ya ce babu Isiyaku. Ashe a takardunsu Ishaƙ ne, da sunan ubansa da na kakansa, A'i ba ta ciki. Ina zaune a kan dakali, na cire hula ina fifita, sai wani dogon saurayi ya tsaya a gabana ya ce da wata irin karyayyar Hausa, "Sannu, Kawu. Ina gajiya?"

Na kusa faɗowa. Sunansa Mahjub, mutumin arewacin ƙasar nan ne daga bakin kogi, ɗakinsu ɗaya da Isiyaku. Ya gane ni ne da hoton da Isiyaku ya liƙa a bango. Ya ce abokinsa ya fita aiki sai azahar, in zo in zauna a ajinsu kafin nan, shi malanta yake karanta.

Abin da na gani a ajin nan har yanzu in na tuna sai na yi dariya. Ƙattin samari ne da 'yan mata, wasu da gashin baki, amma duk sun mai da kansu yara. Ɗaya ya fita gaban allo a matsayin malami, sauran suna yi masa fitina da gangan. Wannan ya ja rigar wancan, waccan ta yi kamar barci, wani mai gemu ya ɗaga hannu ya ce fitsari yake ji. Babban malaminsu yana gefe yana rubutu, bai hana kowa ba. Na raɗa wa Mahjub, "Ina bulala?" Ya ce babu, abin da ake koyo ke nan, yadda za ka riƙe aji ba tare da ita ba. Da aka zo kansa ya fita, bai ɗaga murya ba. Ya kira mai gemun nan ya ba shi alli ya ce ya zo ya taimake shi. Nan take fitsari ya koma. Na ce a raina, wannan yaro zai yi malami.

Da azahar Isiyaku ya zo. Ya rame kaɗan, ya yi tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda aka koya masa a gida, abokansa suna kallo, bai ji kunya ba. Wannan ya sanyaya mini rai, amma ban nuna ba. Suka kai ni inda ɗalibai ke cin abinci, kowa da farantinsa da cokalinsa, kamar masu gaba da juna. Na ajiye cokalin na wanke hannu. Bayan mun ci na ja shi gefe.

"Uwarka tana can tana kuka, ta ce ka zama bara. Shehu ya ce in maido ka. Mun gina aji biyu da guminmu, kai kuma ka juya muna baya. Mi ne wannan hidima?"

"Kawu, ko da na gama malantar, ba ƙauyenmu za a kai ni ba. Wanda ya fito jami'a makarantar manya ake tura shi, a birni. Malamin ƙananan yara ofishin ilimi ke aikowa, in an rubuta masu yadda ya kamata."

Wannan magana ta dake ni, don ba wanda ya taɓa gaya mana haka. Na ce, "To, mun ji. Kai kuma aikin me kake koyo?"

Ya fara bayani, rabi Hausa rabi Larabci, ban kama komai ba. Da ya ga haka ya ce, "Gobe ka biyo mu, ka gani da idonka."

Washegari muka haye gada zuwa Umdurman, ni da shi da malamarsu, Ustaza Nafisa. Mace ce gajera mai tabarau, ta yafa farin mayafi, tafiyarta ta fi ta maza sauri. A hanya ta gaya mini inda za mu. Akwai wani tsoho Bahaushe, Baba Nomau, mai sayar da ruwa a kan jaki a can ƙarshen gari inda famfo bai kai ba. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, saura ɗan haske. Likita ya ce in aka yi aiki zai gani, an ma samar masa gado. Mako uku ke nan Isiyaku yana zuwa, tsoho ya ce ba inda za shi. In gadon ya wuce shi, sai wata shekara, kuma rahoton Isiyaku na bana a kan tsohon nan yake.

Muka same shi a ƙofar 'yar bukkarsa, jaki a ɗaure kusa da shi. Isiyaku ya gaishe shi da ladabi, ya buɗe takarda, ya fara tambaya: shekara nawa, akwai dangi, me ya sa ba ya son asibiti. Tsoho yana jin ƙarar takarda ya haɗe fuska. Kowace tambaya amsarta ɗaya: "Lahiya lau nike."

Ni dai na gaji da tsayuwa, na ja wani dutse na zauna, na fasa goro na miƙa masa. Ba don aiki na yi ba, don haka ake yi. Ya shafa goron, ya ɗanɗana, ya ce, "Wanga hannu na manomi ne." Muka shiga hira. Ashe ya yi shekaru yana tsinkar auduga a wajen Managil. Muka zagi tsutsar auduga tare, muka yi gardama a kan dawar da ta fi daɗin tuwo. Na yaba jakinsa, don gaskiya jaki ne mai kyau, ba ƙashi ko ɗaya a waje. Nan tsoho ya saki jiki. Ya ce jakin nan shi ne idonsa, ya san kowace ƙofa, shi bin sa kawai yake yi. Sai muryarsa ta canza.

"Suna ta ce in je in kwanta kwana shida. In na kwanta, wa zai ba shi ruwa? Wa zai kai ma mutanena ruwa? Kwana biyu in ba su gan ni ba, wani ya shiga layina. In fito da ido, ba jaki, ba masu saye, in ga mi da idon?"

Isiyaku ya ce, "Baba, ai ba ka taɓa gaya mini haka ba."

"Ka taɓa tambayata jaki? Kullum shekaruna kake tambaya."

Ustaza Nafisa ta sa aka fassara mata. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta dubi Isiyaku ta ce, "Rufe takardar nan. Abin da nake faɗa muku tun farkon shekara, ga kawunka ya yi shi da goro ɗaya." Ta juyo gare ni: "Ya Hajj, yanzu da muka san ciwon, ina maganin?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni zan riƙe jakin" ba. Isiyaku ya zaro ido. Ni ma na zaro. Amma magana ta riga ta fita a gaban mace, kuma tsoho ya kama hannuna ya ƙi saki.

To, masu tambayar abin da ya tsayar da ni har kwana goma, ga shi nan. Aka kai Baba Nomau asibiti, ni na tare a bukkarsa. Kowace safiya in cika salka biyu a famfo, in ɗora, jaki ya wuce gaba ina binsa. Ya tsaya a ƙofa, in ƙwanƙwasa. Rana ta farko na ga wata ƙofa da tuluna a waje, na ja shi mu tsaya, ya kafe ƙafa ya ƙi. Na ja, ya ja, salka ta zame ta juye mini a jiki, matan layin suka fito suna dariya. Ashe gidan ba na Baba Nomau ba ne, na wani mai ruwan ne. Daga ranar ban ƙara yi masa gardama ba. A kowane gida sai an tambaye ni jikin tsoho. Wata Bahabashiya ta dafa mini gahawa mai ɗaci, ta ce dole sai na sha kofi uku, in na tashi a na biyu na raina ta. Wani tela mutumin kudu, dogo kamar giginya, ya ɗinke mini aljihun da ya yage, muna hira da Larabcin da ni da shi duk ba mu iya sosai ba. Da yamma Isiyaku ya zo daga asibiti ya kawo mini labari, ya kuma kai wa tsoho labarin jaki. Shi ne yake bin likita, yake bin mai ba da magani, yake rubuta wa ofis, ya kuma zaga maƙwabta har ya sami wanda zai riƙa ɗaga wa tsoho salka na wata guda bayan ya fito. A nan na fara gane aikin. Duk inda mutum ya maƙale tsakanin gidansa da ofis, shi ne mai shiga ya kwance.

Ranar da aka buɗe idon ina wurin. Aka warware ƙyalle a hankali, aka ɗora masa wani tabarau mai kauri. Tsoho ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi Isiyaku, ya dubi Ustaza, sannan ya tsaya a kaina.

"Kai ne Garba?"

"Ni ne, Baba."

"Muryarka ta fi fuskarka kyau."

Har majinyatan da ba su jin Hausa sai da suka yi dariya.

Isiyaku da Mahjub suka raka ni tasha. Muna jiran jirgi na ce, "To, na ga aikinka, ba zan ce ka bari ba. Amma me zan gaya wa Shehu? Aji biyu na nan a rufe."

Isiyaku ya ce, "Kawu, yara nawa ne za su shiga?"

Na ce ba mu taɓa ƙirgawa ba. Ya ci gaba:

"Da 'yan mata kuka lissafa ko ban da su? In an aiko malami, a ina zai kwana, wa zai ba shi abinci? Lokacin tsinkar auduga iyaye za su bar yaran su zo? Ofishin ilimi na Sinja wannan za su tambaya kafin su aiko kowa. Ku samo amsa, ni zan rubuta takardar, zan kuma kai ta da ƙafata."

Mahjub ya ce shi kuma an ce kowannensu ya nemi inda zai gwada koyarwa a lokacin hutu. In muna so zai zo ya buɗe mana aji har malamin hukuma ya iso, da sharaɗin a koya masa Hausa. Na ce akwai tuwo da miyar daddawa. Ya ce ya riga ya saba, ɗakinsu ya kwana tara yana warin daddawar A'i.

Da na iso gida A'i ta tare ni tun daga ƙofa. Na ce mata ɗanta ba baran kowa ba ne, na gan shi yana tsayar da likita yana yi masa tambaya, likita yana amsawa. Ta ce ya rame? Na ce ya rame. Ta koma ciki tana faɗan abincin birni, amma ba kuka.

Shehu Bube kuwa ya tara dattawa, ya duba bayana ya ga ba kowa. "Garba, ina malaminmu?"

Na gyara zama na ce, "Allah shi ba ka nasara, yara nawa gare mu?"

Liman ya ce kamar talatin. Wani ya ce hamsin. Aka fara musu. Washegari ni da liman muka bi gida gida, muna shan ruwa, muna hira, ba mu fito da takarda ba sai mun fita waje. Kun dai ga abin da muka samu. Yaran sun ninka abin da muka zata, kuma 'yan mata sun fi yawa. Takarda ta riga ta tafi Sinja, Mahjub yana zuwa bayan salla, Kulu ta share masa ɗakin zaure.

Aji biyu ba za su ɗauke su ba. Don haka duk wanda ya zauna ya ji labarin nan har ƙarshe, gobe bayan sallar asuba ina jiransa a bakin kanal. Kowa ya zo da fartanyarsa, za mu buga tubalin aji na uku.